Ran Tonkori

Mutsuki ta cire ran tonkorin kakanta Tomezo a birnin Sapporo, ta kuma ɓatar da shi.

Tomezo bai ji a bakin kowa ba. Da ta dawo masa da tonkorin, abin kiɗan nan mai tsirkiya na ƙabilarsu ta Ainu, ya kwance zanen da aka naɗe ta da shi, ya jingina ta a kafaɗa, ya ɗan karkata ta kamar yadda ya saba kafin ya taɓa tsirkiya. Shiru. Ya sake karkatawa. Shiru.

Tonkori mace ce. Tana da kai da wuya da kafaɗu, tana da cibiya. Ta cibiyar nan masassaƙi yake jefa ɗan dutsen ado ranar da ya gama aiki, kuma sai ya faɗa ciki take zama mai rai. Wannan tonkorin, mahaifiyarsa ce ta goyo ta daga tsibirin Karafuto lokacin da aka kwaso su bayan yaƙi. Dutsen shuɗi ne, daga abin wuyan tata uwar aka cire shi.

Cikin jikokinsa Mutsuki kaɗai ta zauna ta koya. Sauran sun ce kiɗan tsofaffi ne. Ita ta haƙura da faɗansa har hannunta ya faɗa, ta tara 'yan'uwanta matasan Ainu suna kaɗawa a gari gari. Kiɗa ɗaya ya rage bai ba ta ba, na fararen tsuntsaye masu sauka a tafki. Duk duniya shi kaɗai ya riƙe shi. Ya ce mata sai ta dawo daga Sapporo.

"Ina dutsen yake?" ya tambaya.

Ta durƙusa a bakin murhu, ta faɗi gaskiya. A ɗakin da suka je naɗar kiɗa, mai ɗaukar sauti ne ya ce wani abu yana ƙwaras-ƙwaras a makirufo, yana ɓata aiki. Ta kifa tonkorin, ta girgiza har dutsen ya faɗo, ta ajiye a kan tebur da niyyar mayarwa. Washegari an share ɗakin. Ta zazzage kwandon shara da hannunta, ba ta gani ba.

"Ƙwaras-ƙwaras," in ji Tomezo. "Shi in ya yi numfashi, wa ya ce ya ɓata aiki?"

"Ekashi," ta ce, yadda Ainu suke kiran kaka, "kai da ba ka jin kiran cin abinci, wannan ka ji?"

Ta yi ne don ya yi dariya. Bai yi ba.

Ta buɗe tafin hannunta. Sabon dutse ne, shuɗi, ta zagaye kantuna kafin ta samu mai kama da shi. Ta ce gobe mutanensu za su taru a bakin teku don tunawa da waɗanda suka tsallako daga Karafuto, kuma ita aka sa ta buɗe taron. Ta ce in kiɗan tsuntsayen ya tafi da shi kabari, ya tafi ke nan.

Ya san haka. Ya dubi yatsunsa da suka fara ƙin lanƙwasuwa. Ya dubi nata, irin na mahaifiyarsa sak. Sannan ya jawo zanen, ya rufe tonkorin tun daga kai, a hankali, yadda ake rufe mamaci.

"Ekashi, hannunka ne kawai zai iya. Ka jefa mata shi."

"Ba zan jefa ba."