Ranar da Shadliya Ta Kira Sunayen 'Yan Sanda

Shekara goma sha tara Shadliya tana sayar da gurasa a mararrabar kasuwar Alhamis, kuma ba ta taɓa ganin ɗan sanda ya tsaya a wurin ba. Motocin zaitun sukan shigo daga kudu a guje, masu babura suna ratsa mutane, ga makarantar firamare a tsallake. Ranar da wata a-kori-kura ta kwashe teburin Wasila mai kayan yaji, titi ya yi ja wur da barkono, kasuwa ta wuni tana atishawa, sai matan mararraba suka ɗunguma zuwa zaman majalisar gari.

Magajin gari ya saurare su yana gyaɗa kai. Ya ce, "'Yan sandan gari goma sha biyu gare mu. Biyu suna mararrabarku duk Alhamis tun bakwai na safe."

Shadliya ta ce, "To a nuna mana takardar da ta ce haka."

"Wannan ai ta cikin gida ce, Lalla Shadliya."

Maƙwabciyarta Munjiya, wadda ta yi ritaya daga buga takardu a kotu, ita ta gaya mata a hanyar gida cewa doka ta ba kowa damar neman irin wannan takarda, kuma dole a amsa cikin kwana ashirin. Suka rubuta, Shadliya ta sa hannu. Zuwan farko aka ce mai hatimi ya tafi jana'iza. Zuwa na biyu aka ce maganar tsaro ce. Munjiya ta ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke sauraron irin wannan ƙara a Tunis, babban birni, aka shiga wata na biyar, har Shadliya ta fara mantawa.

Wata Alhamis da hantsi sai ga Munjiya tana gudu, abin da ba wanda ya taɓa gani, takalmi ɗaya a hannu, ambulan a ɗaya hannun.

"Ta fito! Wallahi ta fito!"

Mata suka yi caa a kan teburin gurasa. Shadliya ta goge hannu a zane, ta ɗauko tabarau, ta bi layi da yatsa. "Mararrabar kasuwa, ranar Alhamis, bakwai zuwa ɗaya: Lutfi Ben Ammar da Taufik Jlasi." Ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta dubi yamma. Wasila ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce, "Si Lutfi, fito mana, an gano ka." Dariya ta ɓarke har mai kifi ya bar kifinsa ya zo.

Wasila ta ce, "Tsaya, Taufik Jlasi? Ai mijin 'yar ƙanwata ne. Shekara biyu ke nan yana tuƙa magajin gari."

Murna ta kama Shadliya kamar ranar da aka ce 'yarta ta ci jarrabawa. Ta naɗe takardar ta ce, "Ku tashi mu je mu gaishe su. Duka sha biyun."

Suka cika tsohuwar motar mijin Wasila, su bakwai, Munjiya a sitiyari ko da yake rabonta da tuƙi tun kafin juyin juya hali. Motar ta mutu sau biyu kafin tasha, duk lokacin da ta tashi sai an yi guɗa.

A tashar mota takarda ta ce akwai Hadi da Munsif. Babu kowa. A gidan shayin da ke gefe suka same su suna karta, kowanne da furfurarsa. Shadliya ta tsaya a kansu ta karanta. Si Hadi ya ajiye karta, ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa.

"Ni? Ai shekara uku da ritayata. Ku kuka ci ragon walimar!"

"To ga shi kana bakin aiki yau, Baba. Tashi ka busa usur."

Munsif, wanda shi ma ya yi ritaya, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Su ma suka ce sai sun bi, aka matsa aka ba su wuri a baya.

A ƙofar asibiti, da mayanka, da bakin ofishin gidan waya sun sami mutum ɗaiɗai a tsaye kamar yadda aka rubuta. Waɗannan ukun sun sha tafi har suka rasa inda za su sa kansu. Wanda aka ce yana filin ƙwallo kuwa, mai gadi ya ce ya koma birnin Sfax tun bara.

Saura shida, kuma kowa ya san inda za a nufa. A ƙofar ofishin gari 'yan sanda huɗu suna zaune a inuwa a kan fararen kujerun roba. Shadliya ta sauko, ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya irin ta malamar aji.

"Nizar Hammami!"

Mutumin ya miƙe kafin ya yi tunani. "Na'am!"

"Kana ƙofar makarantar 'yan mata yanzu haka. Ya ka ga yaran?"

Ta bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta gaya masa inda yake a takarda. Taufik suka hango yana goge gilashin baƙar mota, ya ga Wasila ya sunkuya bayan taya. Lutfi ne na ƙarshe. A tsakar ofishin suka same shi, dogon mutum da kaki a goge, yana ba furanni ruwa da bututu.

Shadliya ta ce, "Si Lutfi, yaushe rabonka da mararraba?"

Ya dubi bututun, ya dube ta. "Inna, sau uku ina rubuta a fitar da ni titi. Ban shiga aikin nan don in yi renon fure ba." Ya rufe famfo, ya ɗauko hularsa.

Hayaniyar ta sauko da magajin gari. Ya tarar da tsakar gida cike, har da mai kifi da ya biyo su a babur, ga wayoyi sama ana ɗauka. Ya fara cewa akwai kuskuren bugu. Munjiya ta ce, "Shekara talatin ina bugu, ranka ya daɗe, ban taɓa buga wanda ya yi ritaya ya koma tasha ba." Si Hadi ya ɗaga hannu daga baya yana cewa ga shi nan a raye. Magajin gari ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi. A gaban kowa ya amince za a riƙa liƙa jerin aikin a ƙofa duk farkon wata, kuma mutum huɗun nan za su koma wurarensu. Cike guraben ukun da ba kowa kuwa sai da ya ci shekara guda da ƙarin takardu biyu na Munjiya.

Lutfi bai jira komai ba. A motar matan ya hau, gwiwoyinsa a haɓa. Da suka isa mararraba ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga hannu, ya busa usur da dukan ƙarfinsa. Komai ya tsaya cak. Ya tsallakar da 'yan makaranta, ya tsallakar da tsofaffi, ya tsallakar da wata akuya, ya ƙi sauke hannu, har layin motoci ya kai injin matsar zaitun, direbobi suna ta danna oda.

Shadliya ta zauna a kujerarta tana share hawayen dariya, ƙafafunta na zogi. Da ƙyar ta samu numfashi ta ɗaga murya: "Si Lutfi, don Allah sake su haka nan! Su ma suna da gidaje!"