Hoton Kamalu a Kan Auduga

Mijina Malam Mudi mai hoto ne, kuma kaf Funtua ba za ka samu mai taurin kai irinsa ba. Duniya ta koma waya, shi yana nan rungume da kyamararsa mai fim, wadda sai an murɗa kafin ta ɗauka. In na yi masa tsiya sai ya ce, "Rahama, waya tana ɗaukar hoto ɗari ba ta kalli mutum ba. Ni kuwa sai na tsaya na dube shi tukuna." Ka zagi rawaninsa ya yi dariya, amma kada ka kuskura ka taɓa kyamarar nan.

Da kaka ya je Maska ranar awon auduga. Wani saurayi, Kamalu, ya haye tarin audugarsa yana dariya, Malam ya ɗauke shi. Ba a daɗe ba yaron ya yi haɗarin babur a hanyar Danja, ya rasu, wayarsa ta farfashe da duk hotunansa a ciki.

Bayan sadakar bakwai sai ga mahaifiyarsa, Inna Aishatu, ta yi sallama gidanmu. Shi kaɗai ta haifa. Ta ce, "Malam, an ce ɗana yana cikin na'urarka. Wallahi fuskarsa ta fara ɓace mini."

Malam ya ce yana nan, fim ɗin ne bai ƙare ba, amma gobe zai cire ya wanke mata. Aka kira azahar, ya ajiye kyamarar a kan tabarma ya tafi masallaci, ni kuma na shiga madafa in dama mata fura.

Da na fito, innalillahi! Inna ta buɗe bayan kyamarar, ta zaro fim ɗin duka, ta ɗaga shi sama tana hangensa da rana. Haka ta saba ganin ana yi da fim ɗin da aka riga aka wanke, wa zai gaya mata wanda ba a wanke ba haske ke ƙone shi?

Malam ya shigo ya tsaya cak. Na san fushinsa, na ce yau baiwar Allah nan ta shiga uku.

Ta juyo ta ce, "Malam, na duba daga farko har ƙarshe. Babu kowa a ciki."

Ya karɓi fim ɗin, ya ɗaga shi shi ma kamar akwai abin gani. Ya daɗe a haka. Sannan ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ki yafe mini. Kyamarar ce ta tsufa, ba ta ɗauka ba tun ran nan."

Ta ce, "Allah sarki. Ba komai, haka Allah ya so." Ko furar ba ta sha ba. Na raka ta bakin titi, ta hau babur ɗin Maska tana tambayata ko Kamalu yana dariya lokacin da aka ɗauke shi.

Na ce mata yana yi.