Darasin Malama Kauthar a Tsakar Gida

"Ku fito da ni waje," in ji Malam Abdulbaƙi. "Ba a koyar da motsa jiki a ɗaki."

Ni da matarsa Uwani muka kalli juna. Mutumin da ko kunu ba ya iya haɗiyewa! Amma na san maƙwabcin nan nawa da kafiya, sai muka tallabo shi muka jingina da bango a tsakar gidan hayarmu na Jikwoyi.

Shi ne shugaban sashen motsa jiki a wata sakandare. Kauthar, sabuwar malamar da ke ƙarƙashinsa, ita ta zo da damuwarta.

"Oga, firinsifal ya ce gobe zai tsaya ya ga ajina. In yaran suka sake rikicewa, zai soke darasin 'yan mata, a ba lissafi lokacin. Me zan yi?"

"Ban taɓa gyara malamin da ban ga aikinsa ba. Koyar in gani."

"Da su wa?"

Ya nuna mu da haɓa. Haka aka jera ni da ƙibata, da Maman Promise mai tuyar ƙosai, da 'yan matan gidan. Raina ya ɓaci, amma wa zai musa wa mai irin wannan numfashin?

Kauthar ta fara, murya na rawa. Ta ba mu baya tana nuna ɗaga hannu, muka yi ta karo da juna.

"Fuskance su," ya ce da ƙyar. "In kin ce dama, ke ɗaga hagu. Rana ta daki idonki, ba nasu ba. Sake. Kada kowa ya katse ta sai ta gama."

Ta juyo gare mu, Malam na bayanta. Wannan karon hannuwanmu suka tashi tare, muryarta ta fara ƙarfi. Ina ɗagowa daga sunkuyo na hango Uwani ta kai kunne bakinsa. Ta daɗe a haka, sannan ta shafa idanunsa ta rufe. Na buɗe baki zan yi salati, ta girgiza mini kai, hawaye na bin kumatunta.

Haka na ci gaba da tsalle ina haɗiye kuka, har Kauthar ta ce mu tsaya.

Ta juya tana haki, tana murmushi.

"Oga, ya ka gani?"

Uwani ta sa hannu ta gyara masa hularsa da ta karkace.