Abin da Almakashina Ya Bari

Shekara ashirin da uku muna fita kwana a daji, amma babu hoton maigidana ko ɗaya a can. Shi ne mai kyamarar. Duk hutun makaranta sai ya ɗaure tanti a saman mota, ya loda risho da tukwane da yara uku, mu nufi bakin wani tafki ko gindin wani dutse. Maƙwabta suna mana kallon marasa cikakken hankali, wai mutum da gidansa da gadonsa ya tafi ya ba sauro jininsa kyauta. Da farko ni ma ra'ayina ke nan, daga baya na fi kowa ɗokin tafiyar.

Yaran sun laƙaba masa suna Ku-Matsa, don ba ya ɗaukar hoto sai ya ce mu matsa kaɗan, sau uku sau huɗu, har murmushi ya bushe mana a baki. Ƙa'idarsa ɗaya ce kuma ba ya saɓa ta: rana a bayansa. Mu mu yi ta ƙifta ido, shi kuma inuwarsa ta miƙe a ƙasan hoton, ga hularsa mai faɗi, ga gwiwoyin hannu a buɗe kamar kunnuwan tukunya. Abin yana ba ni haushi. In an wanko hotuna sai in zauna da almakashi in datse ƙasan kowanne kafin in jera a albam, ina mita wai ya sake ɓata mana hoto. Shi dai dariya yake yi, ya ce ai shi ma da shi aka yi tafiyar.

Bara ya rasu. Babban ɗanmu yana wata ƙasa, ta tsakiya tana gidan mijinta, Auta kuma aiki ya yi nisa da shi. Suna bugo waya, su tambaya ko na ci abinci, ko na sha magani, in ce musu lafiya lau. In sun kashe, ba abin da ke magana a gidan sai firij. Kewa ta dame ni, ba zan ɓoye ba.

Sai kuma likitan ido ya ce ganina yana raguwa, kuma ba zai dawo ba. Ƙananan abubuwa ne za su fara ɓace mini. Ranar na sauko da albam goma sha ɗaya, ina so in ga mijina tun ina iya gani. Akwai hoton katin shaidarsa, amma fuska a murtuke take kamar wanda aka kama da laifi, wannan ba shi ba ne. Kwana uku ina bin shafuka da gilashin ƙara girman rubutu. Aikina ya yi kyau ƙwarai, ko gefen hula ban bari ba.

A ɗakin ajiya na same shi, ranar da na ciro tantin zan bayar. Cikin aljihun jakar, tare da turakun, ga hoto ɗaya duk ya dishe. Bakin tafki ne, ina zuba shayi, yaran sun ɗaga wani kifi da bai fi ɗan yatsa ba suna washe baki. A ƙasa akwai wani duhu wanda ba sai an gaya mini inuwar wa ce ba. Ban san ko mantuwa ya yi ba, ko ɓoye wa almakashina shi ya yi.

Na kai shi shagon mai hoto da ke bayan kasuwa, tsakanin tela da mai gyaran waya. Na ce ya ƙara masa girma iya yadda injinsa zai iya. Ban yi masa wani bayani ba, kunya nake ji a ce tsohuwa ta zo neman inuwa. Ya ce in dawo ranar Alhamis.

Da na koma ya jingina mini shi a bango, ya kusa kai ƙuguna. Ga yaran, ga kifin, ga ni da butar shayi, kowa ya fito raɗau. Na sauke idona ƙasa, sai farin yashi kawai. Na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan, na goge tabarau da gefen mayafi. Na ɗauka abin da likita ya faɗa ne ya iso, kuma da mijina ya fara.

"Ɗana, akwai wani abu a ƙasan nan?"

"Babu komai, Mama. Wata inuwa ce ta ɓata shi, na goge miki ita a kwamfuta. Ai yanzu ya fito fes."

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na rasa ta inda zan fara. Shi da kwamfuta ya yi, sau ɗaya. Ni da almakashi na yi, shekara ashirin da uku.

"Mijina ne," na ce.

Ya ɗauki ƙaramin hoton ya daɗe yana kallo. Ya jawo mini kujera, ya ba ni haƙuri, ya ce yanzu zai sake buga wani. Ya tambaya ko ya ƙara wa fuskokin haske.

"Fuskokin na san su, kuma suna bugo mini waya. In wuri bai isa ba ka rage saman. Ka bar mini ƙasan."

Yanzu yana rataye a falo, ƙasa-ƙasa, daidai inda idona yake in na zauna. Kullum da safe nakan zo da kofin shayina mu gaisa. Hular tana nan, gwiwoyin hannun suna nan, sai dai gefensu ya fara narkewa cikin yashin. Kowane wata sai na ja kujerar na ƙara matsawa kaɗan.