Jegon Mai Hannu Takwas

Ya'u direba ne a wani kamfanin kifin sanyi a Bompai. Da manajansu zai tafi hutu ƙasarsu, sai ya damƙa masa akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, ya ce ya kula da abin da ke ciki har ya dawo. Ya'u ya loda shi a a-daidaita-sahu zuwa Dorayi, ya dire a falo, ya ce wa matarsa Aina'u, "Ga amana." Nasa aikin ya ƙare ke nan.

Amanar wata 'yar halittar teku ce, kanta bai fi ƙwan kaza ba, ga hannuwa takwas, ba ƙashi ko ɗaya. Aina'u ta sa mata suna Ladidi. Ta iya ba ta jatan lande a tsinke, da jona injin iska a batir in an ɗauke wuta, da danne murfin da dutsen niƙa, don an taɓa tsintar Ladidi cikin buta. Kashedin manaja ɗaya ne: kada ruwan ya yi zafi, in ya yi, mutuwa za ta yi.

Ana nan sai Ladidi ta shige 'yar tukunyar da ke cikin ruwan, ta rataye ƙwayaye farare kamar shinkafa, ta kankane su, ta daina cin abinci. Aina'u kan zauna ta zuba mata ido, hannunta a kan mara. Ita ma tana ɗauke da cikin fari, amma kunya ta hana ta faɗa wa kowa, har Ya'u.

A makon ne Inna Kulu, mahaifiyar Ya'u, tsohuwar ungozoma, ta zo daga Challawa. Ta manna goshi a gilashin.

"Wannan kuma mece ce?"

"Baƙuwa ce daga teku, Inna," in ji Ya'u. "Ƙwai ta yi."

"Ina mijin?"

"Yana Legas."

"Maza! Ya bar ta da jego a garin da ba ta da kowa. To, ba a gidan ɗana mai jego za ta zauna da yunwa ba."

Ta dama kunun kanwa mai kauri, ta ajiye kofi a kan murfin, ta ce in ta dawo daga maƙwabta ta tarar ba a sha ba, da kanta za ta ɗura. Aina'u ba ta iya ɗaga ido gaban surukarta, balle ta ce a'a. Kunu kuwa in ya shiga ruwan, an gama. Tana jin ƙarar ƙofa ta kafa kai ta shanye.

"Tas!" in ji Inna da ta dawo. "Yarinya mai tarbiyya."

Washegari kofi ya zama kwano. Gasasshen nama da yaji ya biyo baya, sai farfesun ƙafar saniya. Ladidi na ta ramewa a tukunyarta, Aina'u kuwa kumatu sun fito, zani ya ƙi zagayowa.

Ran Asabar da hantsi sai ga Inna da tukunyar tafasasshen ruwa, ganyen darbejiya na yawo a kai.

"Ɗaga mini dutsen nan. Yau za a fara wankan jego."

Wannan kam ba ya shayuwa. Aina'u ta dubi Ya'u, ya mai da kai kan wayarsa kamar wanda aka turo wa wahayi. Ta dubi Ladidi, wadda ta koma fara fat, tana fifita ƙwayayenta da hannu biyu, sauran shida sun riƙe tukunya. Sai ta ga ƙafafunta sun kai ta gaban akwatin, ta baje hannuwa.

"Inna, ki yi haƙuri. Ruwan zafi kashe su zai yi."

"Mai jegon da ke tashi da kwanon kunu? Ai ta fi ƙarfin ruwan zafi."

"Ba ita ke sha ba." Aina'u ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni ce. Kuma... in wanka ne, ki adana ganyen. Nan gaba kaɗan ni za a yi wa."

Wayar Ya'u ta faɗi ƙasa.

Inna ta dire tukunyar, ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Oh ni Kulu! Sai da aka kai ga tafasa ruwa bakin ya buɗe? Tun daga zaure na gane tafiyarki. Wa kike zaton nake dama wa kunun? Kifi ne ke shan kanwa?"

Ruwan kuwa bai tafi a banza ba. Inna ta sa Ya'u ya tsoma ƙafafunsa a ciki, wai ladan makantar da ya yi a gidansa.

Da ƙwayayen suka ƙyanƙyashe, akwatin ya cika da 'yan mitsi-mitsi masu hannu takwas-takwas, Aina'u na ta yi musu barka da zuwa. Inna ta leƙa, ta juyo ga ɗanta.

"Ka sanar da manajanku. Kowanne da ragonsa."