Zagaye Biyar na Darakta

Koci yana tsugune yana sake ɗaure wa ɗan tserensa Mai Faci igiyar takalmi, sai ga yayansa ya ratso filin, ƙamshin turarensa na gaba yana biye.

“Darakta ya iso,” in ji Yaya. “Amma ba zama zai yi ba, yana da taro ƙarfe goma.”

“Goma? Yaya, goma saura kwata za a tashi tseren. Zagaye ashirin da biyar ne fa, ya fi rabin awa.”

“To sai ya ga abin da ya samu gani. Kai dai ka tabbata mutumin naka yana gaba. Da kyar na shawo kansa ya zo, kada ka watsa mini ƙasa a ido.”

Shekara goma sha ɗaya ke nan ana kiransa Koci, kuma babu wanda ya naɗa shi. Shi ya sayi usur da agogon ƙirga daƙiƙa, ya yi kwas na mako shida, ya naɗa kansa. Aikin da ake biyansa a wata makarantar kuɗi yake, inda takarda ta ce shi malamin motsa jiki ne, shugaban makaranta kuma ya ce tsaron ƙofa lokacin tashi ma ai motsa jiki ne. Matarsa takan ce maza na koya wa yara karatu, nata mijin yana koya wa magidanta gudu ba tare da kowa ya biyo su ba.

Yanzu hukumar wasanni tana neman kocin gudun dogon zango guda ɗaya, da albashi, da tebur, da riga mai rubutu a baya. Su biyu suka rage, shi da wani da ake kira Kyaftin, wanda bai taɓa shiga soja ba balle jirgi. Daraktan hukumar ya ce shi ba ya aiki da takarda, da idonsa zai zaɓa.

Mai Faci kuwa rumfar facin taya gare shi a bakin tasha. Shekara huɗu yana fitowa da asuba ya yi kilomita goma sha biyar kafin ya taɓa tayar kowa. Ukun farko a tseren yau su za a ɗauka zuwa sansanin ’yan wasan ƙasa, kuma mai shekara talatin da uku ba a yi masa alkawarin baɗi.

“Faɗa mini,” in ji Koci yana miƙewa.

“Daƙiƙa saba’in da shida kowane zagaye. Ko kowa ya wuce ni, ba ruwana,” in ji Mai Faci.

“Su tafi. Za ka tsince su a hanya.”

Wannan shi ne dukan ilimin Koci, kuma gaskiya ne. Mai gudun dogon zango da ya ƙona ƙarfinsa a farko, ƙafafunsa za su kai ƙararsa a ƙarshe.

Aka busa. Mutum goma sha huɗu suka zabura, na gabansu kuwa Dogo ne, ɗan tseren Kyaftin, wanda ke fara kowane tsere kamar an sako masa kare, kuma ba a cika ganinsa a wurin gamawa ba. Darakta yana zaune a inuwar rumfa da waya biyu a hannu. Saninsa da gudu bai wuce wanda yake hangowa ta gilashin mota ba, amma da ya ga Dogo sai ya gyara zama ya gyaɗa kai irin na masana.

Mai Faci ya gama zagayen farko yana na goma sha ɗaya. Koci ya duba agogo, saba’in da shida cif. Zagaye na biyu ma haka, kafaɗa a sake, numfashi a natse. Daɗi ya kama Koci har ya ji ƙwalla, domin aikin shekara huɗu ne yake tafiya a gabansa da ƙafa biyu.

Yaya ya sake saukowa.

“Darakta yana tambaya wanne ne naka. Na ce bari in zo in tambaye ka, don kunyar nuna masa nake ji. Wancan na baya ne, mai tafiya kamar an aike shi gidan surukai?”

“Tsari ne, Yaya. A ƙarshe zai—”

“Ƙarshen wa? Duba can.”

Direban Darakta ya riga ya tayar da mota, yana goge gilashi. Kyaftin kuma ya matsa kusa da rumfa ya harɗe hannu, yana murmushin mutumin da ya fara tunanin inda zai ajiye teburinsa.

Koci ya dubi motar. Ya tuna ƙofar makaranta, da yaran da ke kiransa Baba Maigadi, da yadda matarsa ta goge masa rigar yau ba tare da ta yi masa ba’a ko sau ɗaya ba, abin da ya fi ba’ar ciwo. Ya san abin da zai biyo baya, ba zai taɓa cewa bai sani ba. Da Mai Faci ya zagayo karo na uku, Koci ya matsa bakin layi ya kewaye baki da tafukansa.

“Tafi! Kama su yanzu!”

Mai Faci ya juyo ya dube shi sau ɗaya. Koci ya kaɗa hannu gaba. Shekara huɗu mutumin nan bai taɓa tambayar dalili ba, yau ma bai tambaya ba.

Zagaye na huɗu, sittin da shida. A na biyar ya sha gaban Dogo daidai gaban rumfa, kamar da gangan aka shirya. Darakta ya miƙe yana tafi da wayoyinsa, ya sa aka kira masa Koci.

“Ka ga abin da nake faɗa wa mutane,” in ji shi. “Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gudu zuciya ne, ba lissafi ba. Ka fita gaba, ka zauna a gaba, shi ke nan.”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“Ka same ni ofis Litinin, ƙarfe takwas. Ka zo da hotonka biyu.”

Mota ta tashi, Yaya a ciki, don an ce za a rage masa hanya. Saura zagaye ashirin, kuma babu sauran mai kallo a inuwa sai kujeru.

Koci ya koma bakin layi yana cewa a sassauta, a koma saba’in da shida, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Dogo ya fice a zagaye na goma sha biyu ya zauna yana duba ƙafarsa, kamar yadda ya saba. A na goma sha biyar kafaɗun Mai Faci suka hau zuwa kunnuwansa. A na goma sha tara kansa ya fara rangaji, waɗanda ya wuce ɗazu suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ba sa ko dubansa. Bai tsaya ba. Koci ya so a ce ya tsaya, da ya fi masa sauƙin kallo.

Wanda ya zo na uku ya shigo a minti talatin da biyu da daƙiƙa huɗu. Koci bai nemi takarda ba: saba’in da shida sau ashirin da biyar, minti talatin da ɗaya ne da daƙiƙa arba’in. Mai Faci ya zo na bakwai, ya taka layi, ya zube a kan ciyawa.

Koci ya durƙusa ya cire masa takalma, ya tallafo kansa. An daɗe kafin numfashi ya bar Mai Faci ya yi magana.

“Koci, ka yafe mini.”

“Sha ruwa.”

“Ka ce in tafi, na tafi. Na san akwai abin da ka hango. Ƙafar ce ta ci amanata, na ba ka kunya a gaban manya.”

Maganar ta zo wa Koci baki, cewa laifin nasa ne ba na ƙafar ba. Gajeriya ce, ba za ta kai daƙiƙa goma ba, kuma shi mutum ne da ya san tsawon daƙiƙa goma. Ya haɗiye ta, ya ƙara kafa masa gorar ruwa a baki.

Mai Faci ya goge baki da bayan hannu.

“Litinin in fito da asuba kamar kullum?”

“Litinin ka huta,” in ji Koci, yana kallon takalman da ke hannunsa. “Akwai inda zan je.”

“To Allah ya sa a dace, Koci.”

Koci ya ce amin, a hankali.