Tsohuwa Ta Daina Ɗiga

Auta ta durƙusa a tsakar gida ta leƙa ƙarƙashin motar. Mai ne kwance a kan siminti. Ba ɗigo ɗaya ko biyu ba, malale yake, har ya kama hanyar magudanar ruwa. Ta dangwalo da yatsa ta ɗaga wajen haske. Garau yake kamar zuma, shi ne dai sabon man da aka zuba shekaranjiya a kan idonta.

Kuma yau ce ranar da za a sallamo Baba daga asibiti.

Baba direban tasi ne tun Auta ba ta zo duniya ba. Motar nan da duk unguwa ke kira Tsohuwa ita ta ciyar da su, ita ta kai su makaranta, ita ta kai mahaifiyarsu asibiti tafiyar da ba ta dawo ba. Ko da ya ajiye haya bai ajiye ta ba. Kullum da yamma sai ya shimfiɗa mata kwali a ƙarƙashi, da safe ya jawo ya ƙura masa ido kamar mai karanta jarida, ya gyaɗa kai, sannan ya auna baƙin mai mai kauri a gwangwanin madara ya ƙara mata. 'Ya'yansa sun mai da abin na tsokana.

"Baba, me jaridar ta ce yau?"

"Ta ce ku yi aure ku ba ni wuri."

Duk sun yi, sun ba shi wurin, sai Auta da ke koyarwa a makarantar da ke bayan layinsu. Ita ta tsince shi a ƙasa ranar da ciwon ya kayar da shi, ɓari guda ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da bakin ya fara buɗewa bai tambayi abinci ba, bai tambayi jikoki ba. Da ƙyar ya harhaɗa kalmomin ya ce a Tsohuwa zai koma gida. Auta ta riƙe hannunsa ta ce ta yi alkawari.

To, ka san mai son faranta rai ba ya zama wuri ɗaya. Ta share gidan tas, ta kwashe tsofaffin kwalayen nan masu maiƙo da gwangwanin madarar ta watsa a shara. Sannan ta ce Tsohuwa ma sai ta san an yi mata gata. Maimakon garejin da Baba ya saba zuwa, ta kai ta sabon wurin juye da aka buɗe a bakin babban titi, mai tayil a ƙasa da ɗakin jira mai sanyi. Ma'aikacin wurin ya taro man da ya fito ya nuna mata.

"Anti, wannan ai ba mai ba ne, kwalta ce. A wanke mata ciki tukuna, sai a zuba sintetik. Shi ake yayi yanzu, ya fi daɗewa, ya fi kare inji."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba tilasta mata ya yi ba. Ita ta ce a yi, da murnarta. Har hoton galan ɗin ta ɗauka ta tura wa yayanta, ta rubuta a ƙasa cewa yau Tsohuwa ta ci abincin manya.

Wayarta ta yi ƙara tana nan durƙushe. Yayan ne.

"Auta, kin tashi? Ki bar wannan gwangwanin motar a gida, zan turo direban ofis ya ɗauko ku."

"A'a, Yaya. Na yi masa alkawari."

"Alkawarin me? Mutum yana fama da kansa, ina ruwansa da irin motar da ya shiga?"

"Kai ba ka ga idonsa ba lokacin da ya faɗa."

Ya yi tsaki kaɗan ya ce ta dai yi a hankali. Ba ta gaya masa abin da ke malale a gabanta ba.

Garejin Kawu Sifana yana can bayan masu sayar da katako, rumfar kwano ce da rami guda da benci mai ƙafa uku da bulo. Shi da Baba tare suka tsufa, kuma ba a taɓa ganinsa babu sifana a aljihun baya ba, har sunansa na yanka ya ɓace. Tun daga nesa ya miƙe yana kallon layin man da motar ta zano a ƙasa.

"'Yar gidana, wa ya yanka Tsohuwa take zubar da jini haka?"

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. Ta faɗa masa komai, har da wankin cikin. Ya shiga rami ya daɗe, tana jin tarinsa da ƙarar ƙarfe. Da ya fito sai ya zauna a bencin yana goge hannu da tsumma, bai kalle ta ba.

"Man banza suka zuba mini, ko Kawu?"

"Ina! Mai ne mai kyau. Ya fi wanda ubanki ke zubawa nesa ba kusa ba. Da sabuwar mota gare ni shi zan sha da kaina. Amma robobin injin nan sun mutu tuntuni. Dattin da kika ga ya fita, shi ya daskare ya toshe kafofin, shi ke riƙe da ita. An wanke shi, sabon mai kuma ba kauri, duk inda ya ga ƙofa sai ya bi."

"Baba ya san sun mutu?"

"Mutumin da ke karanta kwali kullum?" Ya girgiza kai. "Ya sani sarai. Cewa ya yi in rufe bakina, don yayanki na ji zai kira masu sayen tsohon ƙarfe."

Auta ta tuna tsokanar jaridar nan. Shekara da shekaru suna yi wa tsohon dariya, ashe jinya yake yi, su ba su sani ba.

"A mayar mata da irin na da mana, Kawu."

"Zan mayar. Amma abin da aka wanke ya wanku, ba ya dawowa. Gyaran gaskiya sai an sauke inji, ba aikin yini ɗaya ba ne. Ki bar ta nan ki ɗauki tasi."

"A cikinta ya ce zai koma."

Kawu Sifana ya dube ta, ya dubi motar, ya sauke numfashi. Ya juye abin da ya rage, ya ɗura mata mai kauri, ya ɗaɗɗaure abin da zai ɗauru. Sannan ya sa cikakken galan da mazurari a but, ya zagayo ya nuna mata wata 'yar fitila a gaban sitiyari.

"Kin ga wannan ja, mai kama da buta? In ta kama, ko a tsakiyar titi kike, ki kashe mota. Ki ƙara mai, ki ɗan jira, sannan ki tashi. Kada ki ce bari in ƙarasa. Kin ji ni?"

"Na ji, Kawu."

"Ki ce masa ina nan tafe, ya tanadi bakin faɗa."

A asibiti an riga an fito da Baba a keken marasa lafiya, yana ƙarƙashin rumfar ƙofa da kwalin magungunansa a cinya. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Tun kafin motar ta shawo kwana ya ɗago kai, kunnensa ya riga idonsa ganinta. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Rabon Auta da ganin wannan murmushin tun kafin ya faɗi.

Nas ɗin da ta turo shi ta ja ta gefe. "Kwanakin nan ko runtsawa ba ya yi, ga jininsa ba ya son haka. In Allah ya sa barci ya ɗauke shi, don Allah kada ku tashe shi."

Aka ɗaga shi aka sa a kujerar gaba. Tunda ya sayi motar nan bai taɓa zama a wannan gefen ba, sai waige-waige yake kamar baƙo a ɗakinsa. Can ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan giya, kusa da nata, ya bar shi a nan.

Suka kama hanya a hankali. Wajen kasuwa cunkoso ya riƙe su, masu tura kaya da masu babur kowa na neman ya riga kowa, rana kuma ta buɗe sosai. Injin na ta gurnaninsa na kullum, kujera na ɗan rawa. Da Auta ta waiga sai ta ga kan Baba ya langaɓe a jikin gilashi, bakinsa a ɗan buɗe, numfashinsa na sauka a hankali. Abin da maganin asibiti ya kasa, Tsohuwa ta yi shi kafin su wuce masu kayan miya.

Suna fita daga cunkoson jar fitilar ta ƙifta. Ta ɗauke, ta sake ƙiftawa, sannan ta tsaya cak.

Auta ta dubi gefen titi. Akwai wurin tsayawa, fili guda gaban wani shagon ɗinki. Amma bonet ɗin Tsohuwa ba ya buɗewa sai an naushe shi, duk unguwa ta san wannan ƙarar. Baba zai farka. Zai ga galan a hannunta, zai ga mai na tsiyaya a ƙasa, zai tambaya da wannan harshen nasa mai nauyi, ita kuma sai ta ce me? Ta ce wa kanta don barcinsa ne, nas ma ta faɗa. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Kunya ce ta fi yawa, kunyar ya san cewa abin da ya lallaɓa tsawon shekaru ita ta rushe shi da rana ɗaya, da sunan gata.

Gida ya kusa. Shagon ɗinkin ya wuce ta gefen gilashi. Ta ce bari in ƙarasa.

Suna wuce gidan mai wata ƙara ta fara a injin, ƙas-ƙas-ƙas, siririya kamar ana buga cokali a kofi. Kafin su kai makarantar da take koyarwa ta zama ƙwal-ƙwal. Auta ta ɗaga ƙafa daga totur tana roƙon motar a zuci kamar mai roƙon mutum. A daidai bakin layinsu wani abu ya buga a ciki sau ɗaya, da ƙarfi, motar ta girgiza, komai ya yi tsit.

Layin nasu gangare ne. Tsohuwa ta ci gaba da tafiya ba inji, tayoyinta kawai ake ji a kan tsakuwa, ta wuce mai shayi, ta wuce famfon unguwa, ta zo ƙofar gidansu kamar ta san nan aka aike ta. Auta ta taka birki.

Sai a lokacin ta iya kallonsa. Idonsa a rufe yake, amma hannun da ke kan giya ya damƙe ta har jijiyoyi sun fito. Mutumin da ke jin kwancewar noti daga cikin ɗaki, wannan ƙarar ba za ta wuce shi ba. Ya ji, kuma ya san abin da ake nufi da ita. Bai buɗe idon ba sai da maƙwabta suka zagaye motar suna yi masa sannu da zuwa.

Suka ɗauke shi, wasu suka tura motar cikin gida suna tsokanar Auta wai ta shanye fetur a hanya. Baba ya ƙi shiga ɗaki. Ya nuna baranda, aka ajiye masa kujera a nan, yana fuskantar Tsohuwa. Masu gaisuwa suka yi ta shigowa suna fita har rana ta yi sanyi, gidan ya rage daga shi sai ita.

"Kwali," in ji shi.

Ta miƙe ta tsaya. Duk ta zubar da su, da hannunta. Ta shiga kicin ta fito, ta leƙa bayan ƙofa, babu. A ƙarshe ta juye magungunansa a kan tebur, ta farke kwalinsu ta baje, ta durƙusa ta tura shi ƙarƙashin injin, daidai inda ya saba sawa. Ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Suka yi ta jira. Can ya yi mata alama da yatsa. Ta je ta jawo kwalin ta kawo masa. Fari tas, ko ɗigo babu, don babu abin da ya rage a ciki da zai ɗiga. Ya ɗora shi a cinya ya ƙura masa ido, ya daɗe yana kallo.

"Baba," in ji ta, "me jaridar ta ce yau?"

Ya yi ta kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ta ce... ta daina ɗiga." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta. "Kin gyara ta, Auta."

Ta kifa fuskarta a gwiwarsa. A but ɗin motar, galan ɗin Kawu Sifana na nan cike, ko murfinsa ba a buɗe ba.